Ashe ba hannuna ba ne

Kwana tara ke nan, amma har yau idan na zo shafar kunne a alwala sai na duba yatsana.

Ranar wani ɗaurin aure ne a Kura. Na fito da wuri cikin farar shaddar da na ɗinka da Babbar Sallah, na ce bari in biya ta gonar Kawu in ga ko an fara kai taki filin tumatir. Na tarar da tulin kashin kaji, ga tirela, ga taraktar haya Massey Ferguson 375 da loda, wato hannun ƙarfe mai bokitin ɗiban kaya, a gabanta, direba ya tafi shan koko ya bar makulli a jiki. Leburori huɗu na zaune suna jira. Taubashina, kun dai san shi, yana hango ni ya ce, "Alhamdu lillahi, ga injiniya ya iso."

Da na yi shiru da shi ke nan. To amma bara na yi kwana uku ina wasa da wata sabuwar tarakta a gonar abokina ta hanyar Zariya, na loda yashi, na loda masara, ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗi ba. Tun daga lokacin nake cika majalisa da cewa aikin loda hannu ne, kuma ni Allah ya ba ni hannun. Sai na naɗe hannun riga na hau.

Shigar da na yi cikin tulin nan, wallahi, ta yi kyau. Na cika bokiti taf, na lanƙwaso bakinsa sama don kada ya zube, na ja da baya, na saita tirela. Na ja libar ɗagawa na riƙe. Idona ba ya kan bokiti, yana kan taubashi, ina yi masa murmushin "ka gani ko?"

Abin da na fara ji shi ne ɗis, ɗis a kan bonet, kamar yayyafin farko a kan kwano. Na ce a raina ai tozon da na tara ne yake raguwa. Ban saki liba ba. Sai inuwa ta rufe ni. Na ɗaga kai, kuma ku riƙe wannan, bakina a buɗe yake saboda murmushin bai gama sauka ba. Na ga bakin bokitin da ya kamata ya kalli tirela yana kallon sama, gindinsa yana leƙo ni. A gigice na kai hannu ga ɗaya libar don in mai da shi gaba, na ja ta baya.

Jama'a, kashin kajin da ya kwana biyu a tuli ba busasshe ba ne. Na sama ne busasshe. Na ciki ɗumi gare shi kamar tuwon da aka sauke yanzu, da danshi, da ɓuntun shinkafa, da gashin kaji, da wani wari mai hawa ido kafin ya shiga hanci. Taraktar ba ta da rumfa. Ya fara da hula, ya bi wuyan riga ya gangara baya, na ji shi yana neman hanya har mazugin wando. Aljihun gaba ya cika, goron da na saya don ɗaurin aure yana ciki. Kuma bai zubo gaba ɗaya a huta ba, kashi-kashi ya riƙa zuwa, sai na ce ya ƙare sai wani curi ya saki. Na zauna riƙe da sitiyari, inji na ta ƙugi, ban ma tuna yadda ake kashe shi ba. Wani lebura ya ce "Sannu, Alhaji" da muryar mai haɗiye dariya, sauran ukun suka zagaya bayan tirela, ina jin su suna dukan ƙarfe. Taubashi bai ɓoye ba. Waya ce a hannunsa tun hawana.

A haka direba ya dawo da ledar ƙosai. Ya kashe inji, ya dube ni, ya dubi bokiti, ya ce, "Yallaɓai, ai wannan ba ta da lebul." Ya ɗauki murfin kwano ya zuba ruwa, ya miƙe hannu ya ɗaga shi sama ba tare da ya motsa wuyan hannu ba. Kafin ya wuce kafaɗa ruwan ya biyo hannunsa. Ya ce haka hannun loda yake, a kan ƙusa ɗaya yake juyawa kamar kafaɗa, duk tashin da ya yi bokiti na ƙara kifewa baya, sai direba ya riƙa tsakurar ɗaya libar yana gyarawa. Masu lebul kuwa akwai sandar ƙarfe da ke bin saman kowane hannu. Sandar ba ta miƙewa ba ta gajarcewa, don haka hannu na tashi take juya wani ƙarfe mai kusurwa uku da ke gwiwar hannun, shi kuma ya tura silindar bokiti gaba daidai gwargwadon kifewar da zai yi baya. Wasu ba su da sanda, bawul ne ke tsakurar man haidirolik ɗin da silindar ɗagawa ta koro, ya ba silindar bokiti, kuma da yawansu a hawa kaɗai suke gyarawa. Ko su ɗin ma, in ji shi, ba su san daidai ba. Yadda ka bar bokiti haka za su riƙe maka, in ka bar shi a karkace a karkace zai kai sama.

Ina kakkaɓe gashin kaza daga gira na tuno sandunan nan biyu a taraktar abokina. Na gan su sarai. Har jingina na yi da ɗaya na ɗauki hoto.

Amma duk wannan ba shi ke ci mini rai ba. Baba mai gadi ne. A bidiyon taubashi, wanda yanzu yake rukunin WhatsApp na dangi har da na wajen su Inna, ana ganinsa ƙarara. Tun ina lanƙwasa bokiti ya miƙe, ya ɗauki rediyonsa, ya naɗe tabarma, ya ɗauki butarsa, ya koma gindin darbejiya ya sake shimfiɗa. Bai yi sauri ba. Har dawowa ya yi ya ɗauki takalminsa. Mutumin nan shekara nawa yana gonar, ya ga direbobi iri-iri, ya san abin da zai faru tun kafin bokiti ya bar ƙasa. Mutumin da duk azumi sai na kai masa sukari da gero. Da na ce, "Baba, ai da ka yi mini magana," sai ya rage sautin rediyo ya ce, "Ɗan nan, na ji an ce injiniya ne." Ya mai da sautin.

Da bututun injin ban ruwa aka wanke ni a bakin kwalbati. Ɗaurin aure dai sai a hoto na gani. Mai wanki ya karɓi shaddar da yatsa biyu ya ce ba alkawari. Hular kuwa tana wajen Baba, wai ya wanke ya shanya, kuma jiya an ce an gan shi da ita a masallaci.