Su wa za su zauna a kwamitin?

Wani labari da na karanta ya ce a Niyu Zilan kwamitin ƙwararru ne ke yanke hukunci kan manyan ayyukan da ke neman izinin taɓa ƙasa da ruwa a ƙarƙashin dokar gaggauta izini ta 2024. Da farko ministoci uku aka so a bai wa wuƙa da nama, sai da jama'a suka yi ca kafin gwamnati ta janye. Wannan ya yi kyau.

Amma hankalina bai kwanta ba. Ayyuka 149 aka jera a cikin dokar, har da na kamfanin Trans-Tasman Resources mai son kwasar yashi mai ƙarfe a ƙasan teku kusa da yankin Taranaki da ke gaɓar yammacin ƙasar, alhali Kotun Ƙoli ta ƙi goyon bayansa a 2021. Sannan talaka ba shi da damar kai ƙorafi sai in kwamitin ya gayyace shi, ɗaukaka ƙara kuma sai kan batun doka kawai.

Saboda haka a bayyana mana: wanda ya taɓa yi wa kamfanonin haƙar ma'adinai aiki, zai zauna ya yi musu alƙalanci? Kuma 'yan ƙabilar Maori, wato 'yan asalin ƙasar, da masunta na bakin tekun nan, Allah ya sa a saurare su da gaske.