Nawa ka biya da kake zagin mai gyara?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu harkar kwamfuta. Jiya da daddare wani ƙaninmu ya turo hoton saƙon da ya rubuta a GitHub (shafin da masu haɗa manhaja ke ajiye aikinsu) cikin guruf, yana taƙama wai ya wanke masu wata manhaja tas. Manhajar kyauta ce fa. Ta ƙi tashi a kwamfutarsa, shi ne ya rubuta musu cewa aikinsu shara ne, in ba za su iya ba su ba masu iyawa wuri. Har da masu sa masa alamar dariya. Wallahi raina ya ɓaci.

Ƙanina, nawa ka biya? Wanda ka zaga ɗan sa-kai ne. Ya dawo daga aikin da yake ciyar da iyalinsa, yara sun yi barci, shi kuma ya zauna yana gyara abin da za ka sauke ba ko sisi. Mutum ya haƙa rijiya sadaka, ka sha ka ƙoshi, don guga ya yi yoyo rana ɗaya sai ka hau shi da zagi? Haba! Wanda bai gode wa mutane ba, bai gode wa Allah ba, duk mun san wannan.

Kada ka ce ai magana ce kawai. Akwai wata 'yar manhaja ta matse fayil, xz, da ke cikin kusan kowace Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Lasse Collin, mutumin Finland, shi ya riƙe ta shekara da shekaru kusan shi kaɗai. A 2022 wasu suka taso shi da saƙonni, kullum gori, wai ya yi sanyi, ya miƙa aikin ga wani. Bawan Allah ya gaya musu yana fama da damuwar ƙwaƙwalwa, kuma ba biyansa ake ba. Ba su saurara ba. A haka wani mai kiran kansa Jia Tan ya samu iko a aikin, ya dasa ɓoyayyiyar kafar da za a riƙa kutsawa kwamfutocin jama'a. Sai a Maris 2024 wani injiniyan manhaja, Andres Freund, ya lura shiga ta SSH (hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa) na jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, asiri ya tonu. Ana kyautata zaton masu gorin nan da ɓarawon bakinsu ɗaya. Abin da ya fi tsorata ni shi ne, saƙonninsu ba su bambanta da namu na yau da kullum ba, shi ya sa ba wanda ya zarge su.

Ba na ce ka yi shiru in ka ga tangarɗa ba. Kai rahoto taimako ne. Ka yi sallama, ka faɗi sigar da kake amfani da ita, Windows ce ko Ubuntu (wani nau'in Linux), me ka danna, me ya fito a allo, ka kwafo saƙon yadda yake. Ka duba ko wani ya riga ka. Sannan ka jira, don ba yaronka ba ne. Annabi Musa ma an umarce shi da tausasa harshe, kuma gaban Fir'auna za shi.

Ƙanina, don Allah ka koma ka goge saƙon nan, ka ba su haƙuri. Ku ma masu dariya, ku ji tsoron Allah. Ka goge shi yau, don girman Allah.