Mai shan maganin damuwa da haɗin ciwon jiki na kemis

A kemis ɗin unguwa a Kaduna, Rigasa ne ko Tudun Wada, cinikin maganin ciwon jiki ba ya daɗewa. "Malam, a haɗa min na ciwon jiki." Sai a ɓallo ƙwaya uku ko huɗu, fara da ja da ruwan ɗorawa, a ƙulle a leda ba suna ba kwali. Mai kemis bai tambayi ko ana shan wani magani ba. Mai saye kuwa ba zai buɗe baki ya ce likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ya ɗora shi kan maganin ciwon damuwa ba, gudun kada na kusa da shi ya ji, gobe a ce ya taɓu.

Wannan shirun yana da haɗari. Magungunan damuwa irin su fluoxetine da sertraline suna aiki ne kan sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa, amma ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini ma suna buƙatar sinadarin, don haka maganin yana ɗan rage musu ƙarfi. Su kuma magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin suna raunana kariyar bangon ciki. In suka haɗu, ciki ya samu rauni, jini kuma ya ƙi tsayawa da wuri. Dattawa da masu olsa ne suka fi shiga haɗari. Wanda ya ga bahayarsa ta yi baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, asibiti zai nufa a take.

Tiramadol ya fi muni, ga shi a garin nan ba wuyar samu yake ba. Shi ma yana ƙara serotonin, to in ya tarar da maganin damuwa a jiki, har da amitriptyline, sai zufa da karkarwa, jiki ya yi zafi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, mutum ya ruɗe, wani har da jijjiga. A gida za a ce maleriya ce, ko a kira mai ruƙiyya. Kuma fluoxetine kan yi kusan mako 5 bai gama fita daga jiki ba bayan an daina shan sa.

Farasitamol dai ba ya rikici da waɗannan magunguna, muddin babban mutum bai wuce giram 4 a awa 24 ba, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500.

Wasu za su ce laifin majiyyaci ne da ya ɓoye. Ban yarda ba. Mai ciwo bai san ana haɗa wannan da wancan a samu matsala ba, sanin haka aikin mai sayar da magani ne, kuma tambayar "kana shan wani magani?" ba ta cin kuɗi. Kafin masu kemis su saba da yin ta, majiyyaci ya tafi da kwalin maganinsa ya miƙa a hannu, ba sai ya yi bayani ba. Kada kuma ya ajiye maganin damuwar da kansa don ya samu shan na ciwon baya, tsayar da shi farat ɗaya kan kawo jiri da rashin barci, cutar ma ta dawo.