Funfunar bango ba ƙazantar matar gida ba ce

A makon da ya wuce na je Tudun Wada duba ɗan ƙanwata, yaro mai shekara shida da tari ya hana shi barci tun da ruwan Agusta ya kankama. Ina ɗaga labule warin laima ya tare ni, duk da turaren wutar da ke tashi a kasko. Da muka janye sif kuwa, sai ga bango ya yi baƙi tun daga ƙasa har kusan gwiwa, fenti ya kumbura yana ɓarewa, takalman fata da ke ƙarƙashin gado kuma sun yi fari da funfuna. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne yadda ƙanwar tawa ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, wallahi kullum sai na goge," domin dangin miji sun riga sun yanke hukunci cewa ƙazantarta ce.

Laifin na ruwa ne da na gini. Ƙwayoyin funfuna suna yawo a iskar kowane gida, amma ba sa tsirowa sai inda danshi ya zauna, kuma kwana biyu ya ishe su. Baƙin da ya taso daga ƙasa alama ce ta cewa bulo yana tsotson ruwa, sau da yawa saboda magini bai shimfiɗa leda ba kafin a zuba siminti, ko kuma an bar ruwan indararo yana taruwa a gindin bango. Tabon da ke silin kuwa yoyon kwano ne. Wace mata ce za ta magance wannan da tsintsiya?

Tun shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan danshi da funfuna, inda ta danganta zama cikin ɗaki mai laima da tari, da cututtukan numfashi, da tashin asma. Mu kuwa da damina sai mu ƙara wa Borno dawaki: mu rufe tagogi saboda sauro da ɓarayi, mu shanya wanki a ɗaki, sannan mu kunna maganin sauro, yara suna shaƙa har asuba.

Ƙorafina ya fi ƙarfi a kan masu gidajen haya da ke jiran hunturu ya busar da bango, su shafa fenti, su karɓi kuɗin shekara. Sun san sarai danshin zai dawo da ruwan farko, kuma a ganina wannan algus ne.

A ranar muka fitar da katifa rana, muka naɗe kafet ɗin da ya jiƙe muka yar, muka wanke bango da ruwan omo, taga a buɗe, hanci a rufe. Mun bar tazarar taki guda tsakanin sif da bango. Saura a haƙa wa ruwan indararon hanya, kuma gobe in Allah ya kai mu zan je wurin mai gidan da kaina.