Maganin ƙarin jini da mai ciwon hanta

Jiya da yamma ina tsaye a wani kyamis na unguwarmu, sai ga wani bawan Allah ya shigo, idanunsa sun yi ruwan ɗorawa. Ya ce an gwada shi a asibiti an ce ciwon hanta ne, ga shi kwana biyu jikinsa babu ƙarfi, a ba shi maganin ƙarin jini "mai kyau". Yaron shagon ko tambaya bai yi ba, ya miƙo masa kwalba biyu. Na so in sa baki, na ga ba mu san juna ba, na yi shiru. Har yanzu abin yana cina.

Abin da ke cikin kwalbar nan sinadarin ƙarfe ne, wato ayon. Jiki yana buƙatarsa, amma ba shi da ƙofar fitar da rararsa. Babban mutum yana ɗauke da giram 3 zuwa 4, abin da ke fita a rana kuwa bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Duk abin da ya yi yawa, hanta ce rumbunsa.

Kun san yadda fartanya ke yi idan aka bar ta a waje da damina. Kusan haka ake yi a cikin hanta. Ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B ko C tana sa hanta kumburi shekara da shekaru, kumburin yana fitar da wasu sinadarai masu ƙuna, idan suka haɗu da ayon sai su ƙara dafi, su riƙa cin ƙwayoyin halittar hanta kamar tsatsa. Hanta ta gyara, a sake ɓatawa, ta sake gyarawa, har ta cika da tabo ta ƙanƙance. A cikin wannan gyare-gyaren ake samun kuskuren da ke zama kansa. Nau'in C ma ya fi iya mugunta: yana danne hefsidin, sinadarin da hanta ke aikawa hanji cewa ayon ya isa haka, sai hanji ya yi ta zuƙa.

Mu kuma ga gyaɗa da masara masu fumfuna, waɗanda gubarsu ta aflatoksin ke haɗa kai da nau'in B wajen jawo kansar hanta. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da B ɗin nan, akasarinsu ba su ma sani ba.

Kada wata mai juna biyu ta karanta wannan ta ajiye ƙwayar da aka ba ta wurin awo. Ƙarancin jini gaskiya ne, kuma ya yi mana katutu. Rigimata da wanda kasala kawai yake ji ya yanke wa kansa hukuncin jininsa ya ƙare, alhali kasalar daga hantar take. Masu sikila da ake yawan ƙara wa jini ma su lura, kowace leda tana zuwa da kusan miligiram 200 na ayon.

Akwai gwajin feritin, shi ke nuna yawan ayon da ke jibge a jiki. Da mutumin jiya zai sake shigowa, wallahi sai na riƙe hannunsa na ce, "Malam, don Allah ajiye kwalbar nan, je ka a auna tukuna."