Jihohin Kudancin Ƙasar Amurka Ba Su Gaza Murƙushe 'Yan Klan Ba, Ƙin Yi Suka Yi

Akwai wani uzuri da ake yawan yi wa gwamnatocin jihohin kudancin ƙasar Amurka na zamanin wariyar launin fata: wai ƙungiyoyi irin su Ku Klux Klan, ta fararen fata masu ta'addanci kan baƙaƙe, a ɓoye suke aiki, da dare suke fita, fuska a rufe, don haka hukuma ba ta da yadda za ta yi da su. Ni wannan uzuri bai shige ni ba, domin jihohin nan sun nuna wa duniya cewa sun iya kashe ƙungiya idan sun ga dama.

A duba abin da Alabama ta yi wa NAACP, babbar ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata. A watan Yunin 1956 babban lauyan jihar, John Patterson, ya samo umarnin kotu da ya hana ta aiki. Aka ce ta miƙa sunayen mambobinta, ta ƙi, don kowa ya san abin da zai biyo baya: kora daga aiki, ko ƙone gida. Sai aka ci ta tarar dala 100,000. Kotun Ƙolin Amurka ta ba ƙungiyar gaskiya a 1958, amma kotunan jihar suka yi ta jan ƙafa, ba ta dawo aiki a Alabama ba sai 1964. Shekara 8 ke nan ga ƙungiyar da makaminta lauyoyi ne. A tsakanin nan ne, ran 15 ga Satumban 1963, 'yan Klan suka dasa bam a wani cocin baƙaƙen fata a birnin Birmingham na jihar, 'yan mata 4 suka mutu. Ba a ɗaure kowa da laifin kisan ba sai 1977, lokacin da wani babban lauyan jihar, Bill Baxley, ya tono shari'ar. Luwiziyana ma ta yi nata salon: dokar da aka kafa a 1924 don tilasta wa Klan bayyana mambobinta, ita aka zaro daga ma'ajiya a 1956 aka ɗora wa NAACP.

Ba cewa nake ba a taɓa taka wa Klan birki ba. Gwamna Ellis Arnall na Jojiya ya sa an kai ta kotu a 1946, aka kuma soke rajistarta a shekarar da ta biyo. Alabama ta haramta rufe fuska a bainar jama'a a 1949, Jojiya ta bi sahu a 1951. Sai dai irin wannan ƙwazo ya fi tashi ne idan 'yan Klan sun zubar wa jiha da mutunci a jaridun jihohin arewacin ƙasar, ko bulalarsu ta fara sauka a kan fararen fata 'yan'uwansu. Abin da manyan jihar ke ƙyama shi ne hargitsi. Ita wariyar kanta ai doka ce, su suka rubuta ta.

A Misisipi ne lamarin ya fi fitowa fili. Wata 2 bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Mayun 1954 da ya haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata, aka kafa ƙungiyar Citizens' Council a garin Indianola. Mambobinta masu banki ne da manyan manoma da lauyoyi. Ba sa rufe fuska, ba su ma buƙata. Baƙar fatan da ya sa hannu a takardar neman haɗa makarantu sai ya wayi gari an hana shi bashi, an sallame shi daga aiki. Me jiha ta yi? A 1956 ta kafa hukumar leƙen asiri tata, Sovereignty Commission, da gwamna a matsayin shugaba, ta tara bayanai kan sunaye sama da 87,000. Daga 1960 zuwa 1964 hukumar ta zuba wa Citizens' Council kuɗi kusan dala 200,000 daga baitulmali, wanda harajin baƙaƙen fata ma yana ciki.

Shi ya sa kisan 21 ga Yunin 1964 a gundumar Neshoba bai zo da mamaki ba. James Chaney da Andrew Goodman da Michael Schwerner, masu fafutukar yi wa baƙaƙe rajistar zaɓe, mataimakin shugaban 'yan sandan gundumar, Cecil Price, ne ya kama su, ya tsare su har dare, sannan suka faɗa hannun 'yan Klan da saninsa. An ba kura ajiyar nama. Bayan kwana 44 aka tono gawarwakinsu a ƙarƙashin wata madatsar ruwa. A lokacin jiha ba ta tuhumi kowa da kisa ba. Gwamnatin tarayya ce ta lallaɓa ta wata hanya, ta samu aka ɗaure mutum 7 a 1967 da laifin tauye haƙƙi, kuma babu wanda ya wuce shekara 6 a gidan yari. Edgar Ray Killen, wanda ya kitsa abin, sai 2005 kotun jiha ta kama shi da laifi, yana ɗan shekara 80.

Hujja mafi ƙarfi da masu kare jihohin ke kawowa ita ce ta masu taya alƙali yanke hukunci. Suna cewa ko gwamna ya so, mutum 12 fararen fata ba za su ɗaure ɗan'uwansu kan ran baƙar fata ba. Gaskiya ne, haka ake yi. Amma wa ya tsara cewa su 12 ɗin duk farare za su kasance? Galibi daga cikin masu rajistar zaɓe ake ɗebo su, kuma a Misisipi ta 1964 baƙaƙen da ke da rajista ba su kai kashi 7 cikin 100 na waɗanda suka isa zaɓe ba, saboda harajin ƙuri'a da jarrabawar karatu da jihar ta ƙirƙira.

Shari'ar Medgar Evers, jami'in NAACP da aka harbe a ƙofar gidansa a Jackson, babban birnin Misisipi, a Yunin 1963, ta isa misali. An samu bindigar, da zanen yatsan Byron De La Beckwith, ɗan Citizens' Council, a jikin madubin saitinta. Sau 2 aka gurfanar da shi a 1964, sau 2 masu taya alƙali, duk farare, suka kasa cimma matsaya. Tsohon gwamna Ross Barnett har cikin kotu ya shiga ya ba shi hannu. A 1989 ɗan jarida Jerry Mitchell ya bankaɗo cewa yayin da lauyoyin jiha ke tuhumar Beckwith, hukumar leƙen asirin jihar tana taya lauyoyinsa tantance waɗanda za su zauna a shari'a ta biyu. Da aka sake zama a 1994 an ƙaro shaidun da suka ji shi yana alfahari da kisan, amma bindigar da zanen yatsan su ne dai na 1963. Wannan karon baƙaƙe 8 da farare 4 suka zauna, aka yanke masa ɗaurin rai da rai.