Ba tukunyar Umma ce ta sa ni ƙiba ba

Tun da na sa hoton bikin ƙawata aka ga yadda na rage ƙiba, saƙonni suke ta shigo mini, kuma kusan tambayar ɗaya ce: "Don Allah me kika sha?" Ban sha komai ba. Amma saƙon da ya tsaya mini a rai na wata ƙanwa ce da ta rubuto cewa, "Anti, ni a gaban iyayena nake, abin da aka dafa shi zan ci, ta ina zan fara?" Saboda ita na zauna yin wannan dogon rubutu, don ni ma a gaban iyayena nake har yau, kuma a tukunya ɗaya muke ci.

Bayan na gama jami'a na yi kusan shekara a gida ina jiran tafiya bautar ƙasa. Ci, kwanciya, waya. Ranar da na raka Abba asibiti duba hawan jininsa na hau sikeli, ya nuna kilo 86, ni kuwa tsawona mita 1.62 ne. Ma'aikaciyar jinyar ta yi mini lissafin da suke kira BMI, wato a raba nauyin mutum da tsawonsa sau tsawonsa. Daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma likitoci suna ɗaukarsa lalura. Nawa ya kusa 33. Ina da shekara 24 amma gwiwata tana ciwo in na tashi daga sujada, ga Abba da hawan jini, ga gwaggona kullum da allurar ciwon suga. Na dawo gida a tsorace.

Tsoron nan ne ya sa na yi kuskure biyu.

Na farko, na ɗauko tsarin abinci daga intanet, irin wanda ake rubuta wa mutanen Amurka da Ingila: kifin da ba a sayarwa a kasuwarmu, man zaitun, ganyayen da sai babban kanti. Ɗan kuɗin da Abba yake ba ni na wata ya ƙare cikin kwana goma. Kuɗin ma da sauƙi. Wata ranar Juma'a Umma ta yi tuwon shinkafa miyar taushe, har da kabewa da tantaƙwashi, ta zubo mini a langata ta kawo har ɗaki. Na ce na ƙoshi. Ba ta ce komai ba, ta mayar da murfin ta fita da ita. Da dare na ji tana gaya wa Abba a hankali, "Yarinyar nan ta fara ƙyamar girkina." Wallahi har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Masu rubuta tsarin rage ƙiba ba su san wannan ba. Ni ce 'yar fari, Umma ko sunana ba ta kira saboda alkunya, balle ta ce tana sona da baki. Ƙarin malmalar da take jefa mini, da tsokar da take ɓoye mini a ƙasan miya, su ne maganarta. Duk wanda ya ce wa matashi ya ture kwanon mahaifiyarsa ya kafa tasa tukunyar, ya haɗa shi faɗa da mutumin da ya fi kowa iya taimakonsa.

Kuskure na biyu shayin rage tumbi ne da na saya a wajen wata mai talla a intanet. Kwana uku ina zarya banɗaki, sikeli ya nuna na sauke kilo biyu, na yi ta murna. Rana ta huɗu jiri ya ɗebe ni ina tsaye ina guga, Allah ne ya kiyaye dutsen bai faɗo mini a ƙafa ba. Da na duba jikin kwalin, ganyen filasko ne a ciki, maganin da kakanninmu suke sha don wankin ciki. Ruwan jikina ne ya zube, kitse yana nan inda yake, kuma cikin mako guda kilo biyun suka dawo. Garin gyaran gira na kusa rasa ido.

Abin da ya gyara lamarin magana ce ta minti goma. Na sami Umma a tsakar gida tana tsinke zogale, na zauna na sa hannu. Na ce, "Umma, ki yi haƙuri da abin da na yi. Tsoro nake ji kada in zama kamar Gwaggo. Ina so ki taimake ni." Ta daɗe ba ta ɗago ba, sannan ta ce, "Ke da kika san haka, me ya hana ki faɗa mini, kika tsaya wahalar da kanki?" Daga ranar na karɓi girkin dare.

A nan ne idona ya buɗe. Da ludayi muke zuba mai, sai ya taso ya kwanta a saman miya kafin a ce ta yi. Alhali cokalin cin abinci ɗaya na mai, man gyaɗa ne ko manja, yana ɗauke da kalori kusan 120, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitacin da ke cikin tuwo da shinkafa kuwa 4. Na ajiye ludayi na koma awo da cokali, ina ragewa kaɗan-kaɗan, har muka dawo kusan rabi ba wanda ya lura, ko ƙanina mai tsegumin abinci. Dunƙulen magi na rage, na ƙara daddawa da citta da tafarnuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin magi. Wannan ma Abba ya fi ni amfana da shi.

Tuwo kuwa ban taɓa daina ci ba, kuma ba na jin daɗin yadda ake zaginsa. Malmala biyu nake tashi da ita da, na koma ɗaya, na cika gefen da miya: kuka, kuɓewa, ayayo, taushe. Kwaɗon zogale ko na rama kafin abinci, wake a cikin shinkafa da yawa, alala maimakon ƙosai in an samu hali. Duk abincin gidanmu ne, ba wanda aka sayo don ni kaɗai. Abin da ya ɗan yi wuya shi ne fita daga tire ɗaya da ƙannena, domin in ana ci tare hannu sauri yake yi, ba ka sanin iya abin da ka ci. Sai na riƙa ɗiban nawa a ƙaramin faranti amma in zauna a tabarma ɗaya da su, kada a ce na ware kaina. Umma da kanta ta tuna mini hadisin da muka karanta a Islamiyya, cewa kashi ɗaya cikin uku na ciki na abinci ne, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi.

Da na zauna na rubuta duk abin da ya shiga bakina na mako guda, sai na ga yawancin ɓarnar da kuɗina nake sayo ta. Lemon kwalba mai sanyi kullum da rana. Robar Coca-Cola ta rabin lita tana da suga sama da giram 50, fiye da ƙaramin cokali goma sha biyu, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a yini, in ma ya tsaya a 25 ya fi. Roba ɗaya ta cinye rabon yini duka. Ga zoɓo da kunun aya na ƙulli da aka cika wa suga, ga shayi mai kauri, ga awara da fanke da yamma, ga Indomie da ƙwai ƙarfe sha biyun dare ina danna waya. Ba Umma ce ta ba ni ko ɗaya daga cikinsu ba.

Motsa jiki kuma, Abba ya ce ba zan je gidan motsa jiki ba, ban ja da shi ba. Abin da ake buƙata minti 150 ne a mako, rabin awa sau biyar. Na daina hawa adaidaita zuwa Islamiyya, ƙanina yana raka ni zagaye bayan sallar asuba, in an yi ruwa in yi tsallen igiya a tsakar gida. Ku samari kun fi mu sauƙi, ga filin ƙwallo, ga masallaci, a ajiye babur a taka.

Cikin wata takwas na sauke kilo tara. Akwai watan da sikeli bai motsa ba sam, lokacin babbar sallah ma ƙaruwa na yi. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne iyakar abin da likitoci suke so, kuma ko kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa mutum ya rage, jininsa da sugansa suna nunawa. Wadda ƙibarta ta zo da rikicewar al'ada, ko wanda ya kai ga tsoron abinci ko ƙaƙaro amai bayan ya ci, wannan ya wuce shawarar Facebook, likita zai gani.

Bakin mutane kuwa ba ya ƙarewa. Waɗanda suka ce "wa zai aure ki a haka" su ne yanzu suke cewa "lafiya kuwa, kin rame?" A unguwa ɗaya wata tana shan filasko don ta rame, wata tana haɗiyar sha-ka-fashe don ta cika, duka saboda maganar mutane. Iyayenmu, don Allah, in ɗanku ya ce malmala ɗaya ta ishe shi, ba raini ba ne. Kuma a daina yi wa yarinya gorin jiki a gaban baƙi, yana kai ta ga sayen abin da zai illata ta a ɓoye.

Ƙanwata mai saƙo, ki fara da rubuta abin da kike saya da kuɗinki na mako guda, sannan ki sami Mama lokacin da take cikin nishaɗi ki roƙe ta girki ɗaya a yini. Ni wata mai zuwa zan tafi sansanin bautar ƙasa, girkin dare zai koma hannun Umma. Jiya na shiga kicin na tarar da ita riƙe da galan ɗin mai da cokalin nan. Ba ta juyo ba ta ce, "Ke, uku kika ce ko huɗu?" Na ce, "Uku, Umma."